Mai Ɗinki da Baƙon Tafki

Mai ɗinki ba ta da wata harka da tsuntsaye. Da ka tambaye ta a wancan lokacin, da ta ce maka tsuntsu iri biyu ne a duniya, wanda ake ci da wanda ke ɓata mata shanya. Abin da ya kai ta madatsar ruwan da ke can saman duwatsu, tafiyar minti arba'in daga gari, mijinta ne.

Shekara talatin da huɗu mijin nata ya yi yana tuƙa babbar motar fasinja, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Direba yake ce masa, har surukansa. Wata biyar da ajiye aiki, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a tsakar gida yana ɗaure igiyar takalmi. Ya tashi, an gode Allah, bakinsa ya dawo daidai, amma ƙafar hagu ta zama sai ya ja ta, hannun hagu kuma ya riƙa rawa kamar na mai jin sanyi. Likita ya ce maganin da ya rage masa ɗaya ne, tafiya, kuma kullum. Direba ya gwada kwana uku a layinsu, ya dawo ya jefa sandarsa bayan ƙofa.

"Daga nan zuwa bakin titi mutum goma sha ɗaya suka ce mini sannu," ya ce. "Na ƙirga. Har da wanda na taɓa ɗauka a kafaɗa yana majina. Na gama fita."

Autarsu ce, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta samo dabara. Ta aiko masa da madubin hangen nesa da wani littafi mai kauri cike da hotunan tsuntsaye, ta kuma haɗa shi da wasu mutane shida da ke hawa madatsa duk Asabar da safe don kallon tsuntsayen bakin ruwa. A can babu mai ce masa sannu. Iyaka su ce masa ya rage murya.

Sai dai wa zai kai shi? Haka Mai ɗinki, tana da shekara hamsin da takwas, ta zauna bayan sitiyarin ƙaramar motarsu. Shi ya koya mata daga kujerar gefe, yana taka birkin da babu shi a gabansa, yana kiran sunan Allah a kowace kwana. Cikin wata guda ta iya. Ta ce masa wanda ƙafarsa ta shekara arba'in a kan keken ɗinki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan taka ƙarfe a hankali.

Duk Asabar sai ta kai shi, ta ajiye mota a gindin wata bishiya, ta buɗe ƙofa ta miƙe ƙafa, ta ɗauko aikin hannu daga jaka. Shi kuma ya ja ƙafa taku ɗari uku zuwa wani benci da ke kallon ruwa. Nan ne iyakarsa. Sauran su wuce gaba, su dawo su ba shi labari.

Ranar da abin ya faru bazara ta shigo, sanyi ya ja da baya, ciyawar kan duwatsu ta fara kore. Ruwan tafkin ya janye sosai, ya bar laka shimfiɗe kamar an baza baƙin yadi a bakin gaɓa. Tun a mota Direba ke ta zumuɗi. Ya ce makonnin nan ne matafiyan tsuntsaye ke yada zango a nan, su ci su huta, sannan su ci gaba da tafiya arewa.

Tana cikin kalmasa bakin wani siket na 'yar makaranta ta ji ya ƙwala mata kira ƙasa-ƙasa.

"Maman yara! Zo ki ara mini hannu."

Ta soke allura a jikin mayafinta ta taka zuwa bencin. Hannun nasa yau ya ƙi. Duk sanda ya ɗaga madubin sai ya riƙa bugun ƙashin hancinsa.

"Hannu kake so ko ido?" ta ce.

"Duka biyun. Duba can, ki gaya mini abin da ke wurin."

Ba ta taɓa ɗora abin a fuskarta ba. Da farko sama ta gani, sai gashin idonta, sai wani hazo. Ya ce ta murza ɗan ƙarfen da ke tsakiya. Tana murzawa sai laka ta yi tsalle ta zo gaban hancinta, har ta ja da baya.

"Kai! Ashe haka kuke gani kuka yi shiru?"

Ga zalɓe can ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran mota. Ga zakaran ƙeƙuwa su biyu, baƙi da fari, sai ka ce an yi musu ɗinki a shago ɗaya. Ga kuma wasu 'yan ƙanana masu ruwan toka, sun fi arba'in, suna caka baki a laka da sauri kamar allurar keke. Tana faɗa, yana gaya mata sunayensu yana gyaɗa kai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda take bin layin ɗinki kafin ta miƙa wa mai kaya, sai ta tsaya.

"Wannan fa ba da awon sauran aka yanka shi ba."

"Wanne?"

"Ga shi can kusa da farin dutse. Ƙafafunsa gajeru ne, ruwan lemo. Gudu yake yi ya duƙar da ƙirji kamar an biyo shi. A kowace kafaɗa akwai baƙin layi, kamar an bi da zare. Bakinsa dogo ne, ya lanƙwasa sama."

"Ƙasa dai."

"Na ce maka sama."

Ya karɓi madubin da sauri. Hannu ya hau rawa. Kafin ya daidaita, sai ga Maigadin madatsa ya ratso kan bangon a babur ɗinsa mai ƙarar tsiya. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, suka juya a sama kamar hayaƙi, suka nufi can ƙarshen tafki.

Ba a jima ba sauran suka dawo, jagoransu da suke kira Shugaba na gaba. Shugaba mai kantin magani ne a gari, dogo, mai sanyin murya, kuma ba mugun mutum ba ne. Shekara ashirin da shida yana rubuta duk tsuntsun da ya sauka a tafkin nan a wani baƙin littafi da ba ya rabuwa da shi. Ya saurari Mai ɗinki har ta gama, bai katse ta ba. Sannan ya yi murmushi irin wanda yake yi wa masu zuwa kantinsa da sunan maganin da suka ji a bakin maƙwabta.

"Uwargida, idan tsuntsu ya caka baki a laka, lakar takan manne a tsinin. Daga nesa sai ki ga kamar ya lanƙwashe. Ni kaina ya taɓa yaudarata."

"Shugaba," ta ce, "shekara arba'in ina yanka wuyan riga. Idan layi ya karkace da faɗin zare ɗaya, daga bakin ƙofa nake hango shi. Bakin nan sama yake kallo, kuma babu laka a jikinsa."

Sauran suka kalli juna. Direba ya yi gyaran murya.

"A yi haƙuri," ya ce, yana kallon takalminsa. "Yau ta fara riƙe madubi."

Maganar Shugaba ko a jikinta. Ta mijinta ce ta soke ta. Ta ja mota suka koma gida, kuma ranar ko sau ɗaya bai taka birkinsa na ƙarya ba.

Shagonta ɗaki ne a gaban gidan, mai ƙofa ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. Keke biyu, teburin yanka da ya sha almakashi har ya yi zane-zane, madubi dogo mai tsaga a kusurwa, da buhun ragowar ƙyallaye da ta ƙi zubarwa tun 'ya'yanta na ƙanana. Bayan azahar ta zazzage buhun a ƙasa. Ta zaɓi ruwan toka har kala uku kafin ta sami wanda ya yi mata. Ta zana tsuntsun da alli, ta yanka, ta ɗora shi a kan farin ƙyalle mai faɗin tafin hannu biyu. Ƙafafun ta yi su da zaren ruwan lemo, layin kafaɗa da baƙin zare ninki biyu. Bakin sau biyu tana warwarewa, domin na farko ya lanƙwasa da yawa, na biyu kuma bai kai ba.

Da la'asar ta shiga falo ta ajiye masa a cinya.

"Ga shi. Nemo mini shi a littafinka."

Ya daɗe yana kallon ƙyallen. Sannan ya jawo littafin, ya riƙa buɗe shafi da hannun dama, yana lasar yatsa. Ya wuce shafi goma sha, ya dawo baya, ya tsaya. Ta leƙo ta kafaɗarsa. Tsuntsunta ne, har duƙawar ƙirjin. Sunan da aka rubuta a ƙasa mai wuyar faɗa ne, ba ta ma gwada ba.

"Kin ga taswirar nan ta gefe?" ya ce. "Tsuntsun bakin teku ne. Ba ta nan yake bi ba. Tsakaninmu da hanyarsa tafiyar kwana biyu ce a mota mai lafiya."

"To ya ɓata hanya. Kai ba ka taɓa ɓata ba?"

"Ban taɓa ba."

"Har ranar da ka kai 'yan biki gidan makoki?"

Bai yi dariya ba. Ya rufe littafin ya ɗora hannu a kai.

"Maman yara, ki bar maganar nan. Wurin nan kaɗai ya rage mini da ake ɗaukata cikakken mutum. Idan muka dage, aka zo aka ga ba haka ba ne, shi ke nan na zama mijin matar nan mai ganin abin da babu."

Ta gane tsoronsa, har ta ji tausayinsa ya taso mata. Amma ta san tausayi shi ne abin da ya fi tsana a duniya, don haka ta haɗiye shi.

"Ban ce ka yarda da ni ba," ta ce. "Na san abin da na gani. Gobe ƙarfe shida mota za ta tashi, da kai ko babu kai."

Shida saura kwata ta fito ta same shi a kujerar gefe, ya sa hula, madubi a wuya, yana kallon gaba kamar ba shi ba.

Lahadi suka yi awa uku a benci. Tsuntsaye sun zo, amma ban da nata. Litinin ma haka. Ta rataya takarda a ƙofar shago cewa sai bayan azahar, abin da ba ta taɓa yi ba tun haihuwar Auta.

Suna shirin tashi ranar Litinin ɗin sai Maigadi ya tsaya da babur ɗinsa ya gaishe su. Mutum ne gajere mai yawan dariya, wanda ya fi shekara goma yana zaune a wani ɗan ɗaki a kan bangon madatsar.

"Baba, kwana biyu kun zama 'yan gida," ya ce. "To ku kalla da kyau. Injiniyoyi sun ce jibi Laraba a rufe ƙofofin ruwa. Kafin Juma'a duk lakar nan ta nutse."

Mai ɗinki ta zaro ƙyallen daga jaka ta nuna masa. Ya karɓa ya juya shi, ya yaba ɗinkin, ya ce shi kam duk tsuntsayen nan kamarsu ɗaya a idonsa.

"Amma abu ɗaya na sani, Mama. Duk sanda na wuce da wannan tsohon babur suka tashi, can ƙarshe suke sauka, inda rafi ke shigowa tafki. Wasu ma ba sa dawowa, don can babu mai damunsu."

"Mota tana zuwa?"

"Ina! 'Yar hanyar ƙafa ce, duk duwatsu. Kilomita biyu, ko da ɗan ɗori."

Talata da sassafe ta sa takalmin roba na Auta da ya rage a gida, ta cika gora da ruwa, ta sa burodi a jaka. Da suka isa benci ta ce masa ya zauna ya jira ta.

"In zauna?" ya ce. "Ki je ki gani ke kaɗai, ki dawo ki sake faɗa, a sake cewa laka ce? Me ya ƙaru?"

"Taku ɗari uku ne iyakarka, Baban yara."

"Wa ya yanka mini?"

Ta dube shi sama da ƙasa, kamar mai ɗaukar awo. Sannan ta juya ta kama hanya, ta ji ƙarar sandarsa a bayanta.

Hanyar ta bi gefen ruwa, tana hawa tana sauka. Rana ta fito ta bayan dutse, iska mai ɗan sanyi tana kaɗa ciyawa. Ta rage sauri ba tare da ta nuna ta rage ba. In ta ji numfashinsa ya yi nauyi sai ta tsaya ta ce wani abu ya shiga takalminta. Sau huɗu abu yana shiga takalmin nan. A na biyar ya ce, "Takalmin nan naki ya cika ciwo," ta ce, "Na Auta ne, ka san aikinta da masu ciwo ne."

Sun ci fiye da rabi sai takalminsa na hagu ya fara zamewa, domin ƙafar ba ta riƙe shi. A wani gangare ya cire gaba ɗaya, Direba ya tafi da baya ya zauna daɓas a kan tsakuwa. Sanda ta gangara gefe. Ya zauna nan yana huci, idanunsa sun yi ja.

"Ni da na tuƙa mutum sittin a bayana," ya ce. "Dubi abin da na koma."

Ba ta ce masa sannu ba. Ta ɗauko sandar ta miƙa masa, ta durƙusa, ta zaro wani dogon ƙyalle daga jakarta, ta mayar da takalmin, ta naɗe shi da ƙafar tamau ta ƙulle a idon sawu.

"Ja ne," ya ce, yana kallon ƙyallen. "Mai furanni."

"Tsuntsaye ba za su gaya wa kowa ba. Tashi."

Ya tashi. Awa ɗaya da rabi suka yi kafin su ji ƙarar rafin. Wurin lungu ne tsakanin duwatsu biyu, ruwan yana gangarowa ya baje a kan laka mai faɗi. Tsuntsaye kuwa kamar an zuba su. Suka lallaɓa bayan wani babban dutse suka zauna. Ta karɓi madubin ta fara daga hagu, layi bayan layi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tun Asabar ba ta taɓa shakkar idonta ba, abin da take tsoro kawai kada baƙon ya riga ya tafi.

A layi na uku ta gan shi. Ya sheƙo da gudu ta gefen ruwa, ƙirji a ƙasa, ya cafke wani abu, ya koma ya wanke shi a ruwa kafin ya haɗiye.

"Ga mutumin," ta ce a hankali.

Direba ya karɓa. Bayan wannan tafiya hannun ya fi kullum rawa, har madubin yana ƙara a jikin maɓallin rigarsa. Ya gwada sau uku, ya sauke, ya cije leɓe. Sai ta matsa ta zauna a gabansa ta ba shi baya.

"Ɗora a kafaɗata."

Ya ɗora. Ta ji sanyin ƙarfen a gefen wuyanta.

"Dama kaɗan. Wajen inda ruwa ya rabu biyu."

"Daina numfashi."

"In mutu?"

"Minti ɗaya kawai."

Ta riƙe numfashi. Ta ji rawar hannunsa tana ratsa kafaɗarta, tana raguwa, har ta kusa tsayawa. Can ta ji ya saki wata ajiyar zuciya a bayan kunnenta.

"Sama yake kallo," ya ce. Ya sauke madubin. "Maman yara, abin da na faɗa ranar Asabar a gaban mutane, ban kyauta ba."

"Na sani. Kira Shugaba."

Ya zaro waya. Muryar da ta ji ta fito daga bakinsa ta daɗe ba ta ji ta ba, muryar da yake ba yaran mota umarni ce a tasha. "Shugaba, rufe kantin nan ka taho bakin rafi. Na gan shi da idona. A'a, ba laka ba ce. Ka nemi Maigadi ya kawo ka a kwale-kwalensa, amma ku sauka nesa."

Suka ci burodi suna jira, suna karɓa-karɓar madubi don kada baƙon ya ɓace musu. Bayan awa guda suka hango kwale-kwalen Maigadi ya tsaya can baya. Shugaba ya fito da farar rigarsa ta kanti, bai ko tsaya cirewa ba, ya saɓo babban madubinsa mai ƙafa uku, takalminsa na ofis yana nutsewa a taɓo. Ya iso yana haki, ya kafa madubin, ya ce, "Ina yake?"

Mai ɗinki ta nuna. Sai ta ga abin da ya faru, ta dafe kai. Baƙon ya ƙoshi. Ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya juya kai ya cusa bakin nan gaba ɗaya cikin gashin bayansa, ya yi barci.

"Yanzu fa ya kwanta," in ji Direba. "Wallahi yanzu."

Shugaba ya sa ido a madubin ya daɗe. Ya ɗago ya goge gilashinsa da gefen riga, ya sake sa ido.

"Ƙafar ruwan lemo ce," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Ga kuma layin kafaɗa." Ya juyo ya dube ta. "Amma sai na ga bakin."

"Za ka gani," ta ce. "Zauna. Ga ruwa."

Minti ashirin da biyar suka yi. Maigadi ya ce ko ya yi tafi ya tashe shi, su uku suka juyo suka harare shi a tare, ya kama bakinsa. Rana ta fara zafi. Wani zakaran ƙeƙuwa ya taso da masifa ya bi ta kan lakar yana ihu, sai baƙon ya zaro kai, ya miƙa wuya, ya juya gefe ya tsaya cak, kamar wanda aka ce ya tsaya a ɗauke shi hoto.

Shugaba ya zaro na'urar ɗaukar hoto ya ɗauke shi, ya ƙara, ya ƙara. Da ya gama sai ya zauna a kan dutse ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Shekara ashirin da shida," ya ce. "Ban taɓa sa ran ganinsa a nan ba, shi ya sa ko da aka gaya mini ban ji ba. Uwargida, ke kika yi daidai, ni na yi kuskure. Ranar Asabar zan maimaita wannan a gaban waɗanda suka ji maganata ta farko."

"Ba sai ka yi dogon jawabi ba," ta ce. "Ka dai rubuta shi daidai."

Ya buɗe baƙin littafin a gwiwa, ya rubuta rana da wuri, ya rubuta sunanta a matsayin wadda ta fara gani, ya juyo mata da shafin ta duba. Ta ce ya mayar da ranar zuwa Asabar, don ran nan ta gan shi, ba yau ba. Ya soke ya gyara. Da Direba ya sa ta nuna masa ƙyallen, Shugaba ya ajiye shi kusa da hoton da ke cikin na'urarsa, ya kalli wannan ya kalli wancan, ya girgiza kai.

"Daƙiƙa nawa kika kalle shi ranar?"

"Ban ƙirga ba. Mai kawo ɗinki ma ba ya tsayawa ya daɗe."

A kwale-kwale suka koma, domin ƙafar Direba ta ce ta gama aikin ranar. Kwana biyu ya yi a kwance yana shafa man zafi, waya a kunne. Tana jiyo shi daga shago yana ba Auta labari. Kilomita biyun ta zama uku ranar Laraba, ranar Alhamis ta kai huɗu, har da wani gangare da ya ce ko akuya sai ta yi tunani.

Shugaba ya aika hoton ga masu tattara labarin tsuntsaye, labari ya bazu. Ranar Asabar da suka iso madatsa babu wurin ajiye mota a gindin bishiyarta. Motoci sun fi talatin, wasu daga garuruwa masu nisa, mutane sun jeru a kan bango da madubai iri-iri. Sai dai ruwa ya riga ya hau. Laka ta nutse, bakin rafi ya zama tafki, matafiyan duk sun wuce, har da baƙon. Abin da ya rage 'yan tsuntsaye ne jefi-jefi a kan duwatsun gaɓa.

Shugaba ya cika alkawari, ya faɗi maganarsa a gaban mutanensa, a taƙaice kamar yadda ta nema. Daga nan baƙi suka yi mata caa da tambayoyi. A ina ya tsaya? Yaya yake gudu? Ya yi kuka? Ta amsa abin da ta sani, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Direba kuwa ya sami masu sauraro sababbi, ya wuce benci da su yana nuna musu hanyar rafi da sanda.

Da jama'a suka ragu, wata matashiya mai ciki, wadda ta zo da mijinta daga nesa, ta matso kusa da ita a kunyace. Ta nuna wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da ke kaɗa jela a kan dutse.

"Mama, don Allah wancan fa? Mene ne sunansa?"

Mai ɗinki ta karɓi madubin matashiyar ta duba, ta murza, ta sake dubawa.

"Ban san shi ba, 'yata," ta ce. "Mako guda ke nan da na fara. Amma zo ki tsaya nan inda rana ke bayanki. Bar sunan tukuna. Fara daga ƙafa ki hau sama, ki gaya mini abin da kika gani."

Matashiyar ta gyara tsayuwa ta ɗora madubin a ido.

"Ƙafafun kamar kore-kore ne," ta ce.

"Kore irin na me? Ganye ko ruwan kwata?"

Matashiyar ta yi dariya har madubin ya girgiza, sannan ta nutsu ta sake dubawa da kyau.